Ɗakin Zane Mai Shan Iska

A garinmu Skoravik, can kan wani tsibiri a tekun arewa mai sanyi, in ka ce kai kafinta ne sai an ga teburin da ka haɗa, in ka ce kai masunci ne sai an leƙa cikin kwale-kwalenka. Bogi kaɗai ne ya zama injiniyan gini da baki. Yana saurayi ya taɓa zuwa Kopanhagan, babban birnin Danmak, ya yi bazara guda yana tura baron siminti a gindin wani bene, daga nan ya dawo mana da fensir a bayan kunne da kuma labari. Shekaru suka ja, kai ya yi fari, fensirin bai taɓa buƙatar fiƙewa ba, amma benen nan kullum ƙara hawa yake yi a bakin Bogi.

Matarsa Marjun ta daɗe da daina saurare. Da ya ɗauko zancen sai ta ci gaba da saƙar rigar sanyinta, tana gyaɗa wa allura kai, shi kuwa ya ɗauka da shi take.

Abu guda ne ke cin ran Marjun, wato Rannva, 'yar ƙaninta da ta raina tun tana rarrafe. Yarinyar ta tafi Danmak karatu, ta zama mai zane, har ana rataye zanenta a manyan ɗakuna, ta kuma ƙi dawowa. Duk jirgin da ya tsaya a gaɓa sai Marjun ta ɗaga labule. To ran nan sai ga Rannva da jakarta, kuma tun ba a gama cin busasshen kifi da dankali ba ta fasa ƙwan.

"Gwaggo, na gaji da birni. Majalisar gari ta ce in zana mata babban hoton teku na sabon zauren taro. In na samu wurin aiki mai kyau, na dawo ke nan. Filin Baba na can Hancin Dutse nake so in gina, ɗan gida da ɗakin zane. Zan nemo mai tsara gini daga Torshavn, babban birnin tsibiranmu."

Bogi ya ajiye cokali a hankali.

"Daga ina kika ce?"

"Torshavn, Kawu."

"Ina zaune? Da raina da lafiyata? Ki je ki kwaso wani yaro mai takalmi sumul wanda bai san inda iskar garin nan take kwana ba? 'Yata, benen da na yi aiki a kansa, in kika hau ƙarshensa sai kin sunkuya gajimare ya wuce."

"Baro ka tura," in ji Marjun.

"Baron da kansa ya san inda zai je? Ke dai faɗa mini, Rannva, me da me kike so?"

Rannva mai kunyar manya ce, ba ta iya cewa a'a ba. Ta ce haske take so wanda ba ya yawo, daga sama ko daga arewa. Sai wurin da fenti zai bushe, don fentin mai a danshin ƙasar nan sai ya yi ta manne wa yatsa kamar ba zai daina ba. Sai ɗan ɗakin kwana da murhu.

"Shi ke nan? Wannan ai ko ina gyangyaɗi na zana shi."

Da Rannva ta koma Danmak haɗo kayanta, Marjun ta tare shi a bakin ƙofa da allurar saƙa a hannu.

"Bogi, dube ni nan. Na tsufa ina ɗaga labule saboda yarinyar nan. In ka gina mata abin da ta kasa zama a ciki, na rantse kai za ka koma can, ita ta zauna a naka."

"An gama," in ji Bogi, har da miƙa hannu a tafa. Ba a tafa ba.

Washegari ya sami Hanus, maƙwabcinsa kuma abokin faɗansa tun na firamare, a kan bencin tsofaffi na bakin gaɓa.

"Hanus, tambaya zan yi maka. Me ke bushewa a ƙasar nan?"

"Ban da safata dai. Tun bikin Ista take jiƙe."

"Nama, wawa! Ina muke rataye cinyar tunkiya?"

"A rumfar shanya mana."

"Me ya sa take bushewa?"

"Don katakon bangon ba a haɗe yake ba, iska na ratsawa."

Bogi ya zaro fensir daga bayan kunne ya nuna shi da shi. "To kai ma ka gane, balle mai hankali. Abin da ya busar da cinyar tunkiya, ɗan fentin da bai kai kaurin farce ba zai gagare shi? Duk masu zanen duniya a rufaffen ɗaki suke zama suna jira suna hamma. Ni zan gina ɗakin zane na farko mai shan iska."

Hanus ya dubi teku, ya dubi Bogi. "Injiniya," ya ce, "kanka ba ƙaramin kai ba ne. Shi ya sa hula ba ta zama."

Bogi ya ɗauki wannan a matsayin yabo.

Takarda ta yi masa ƙanƙanta, don haka ya zana tsarin da alli a jikin ƙofar rumfar kwale-kwalensa. Ranar gayya aka ɓalle ƙofar, maza suka ɗauke ta a ka har Hancin Dutse, yana biye yana ce musu su yi a hankali da kicin. Ba su kai ba ruwa ya sauko. Da aka jingina ƙofar, ba abin da ya saura sai wani layi a karkace da rabin murhu.

"Ina gidan, Injiniya?"

"Yana nan," in ji Bogi, ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Nan ruwa ba ya shiga."

"Ba abin da ke shiga," in ji Hanus.

Aiki ya kankama. Mata suka kawo gahawa da waina, maza suka yi ta buga ƙusa, Bogi yana zagaye yana zura yatsu biyu tsakanin katako da katako don kada wani ya yi kuskuren haɗe su. Wani ya ce a garin nan dai ba a taɓa juya ƙofa ta kalli teku ba. Bogi ya ce shi ya sa garin bai taɓa fitar da mai tsara gini ba sai shi. Aka kafa tsohuwar ƙofar rumfar tana kallon teku. Ya kama mariƙin zai gwada, ya murɗa, iska ta ce bismillah. Ƙofar ta buɗe da shi, ta kai shi har bango ta buga, ta dawo da shi, ta sake kai shi. Sai da mutum uku suka kama ta kafin aka ɓamɓaro shi.

"Kun gani?" ya ce yana neman numfashi. "Da kanta take buɗewa. Mai zane hannunta kullum da fenti."

Don tsimin katako ya manna bayan gidan da jikin tudu, har rufin ya haɗe da gangaren, ka taka daga wannan zuwa wancan ba tare da ɗaga ƙafa sosai ba. A tsakiyar rufin ya fasa babbar taga, ya ɗora mata wani faffaɗan gilashin roba da ya ciro daga tsohon jirgin kamun kifi. Aka miƙo masa ƙusoshi, ya ce ba sai an yi ɓarna ba, nauyinsa zai riƙe shi. Sai ciyawar rufi. Kowa ya san ana yanko ta da ƙasarta a naɗe kamar tabarma a shimfiɗa, kuma wadda ta fi kyau kusa ita ce ta gangaren Hanus. Hanus ya ce a yanka, shi bai damu ba.

Wanda ya damu shi ne Kyaftin, ragon Hanus, wani dattijon rago mai ƙaho a murɗe da baƙar zuciya, wanda tun yana ɗan shan nono a daidai wurin nan yake kiwo. Ya tsaya yana kallo ana naɗe masa abinci ana ɗauka. Da aka gama shimfiɗawa aka sauko da tsani, sai ya tako daga tudu zuwa rufi, ya sa baki ya ci gaba daga inda ya tsaya.

"Injiniya, ka yi baƙo a bene."

"Na san da shi. Kana so ciyawa ta yi tsawo ta rufe tagar? Shi ne mai aski."

Kaka ta shigo, lokacin yanka ya yi, Rannva ba ta dawo ba tukuna. Ran nan Bogi yana share ɗakin zanen sai ga Hanus ya shigo, ya tsaya a tsakiya, ya lumshe ido, ya buɗe hanci. Iskar teku na shigowa ta gaba tana fita ta gefe, mai sanyi, mai gishiri, ba ta tsayawa ko na ƙiftawar ido.

"Bogi," ya ce da wata irin murya mai laushi da ba a san shi da ita ba, "kakana ya mutu yana neman iska irin wannan. Rumfata in aka gwada da nan, akwatin gawa ce. Cinya ɗaya tak zan rataye, kafin yarinyar ta dawo."

"Nan ɗakin zane ne."

"Na sani. Gwaji za a yi. Injiniyoyin Kopanhagan ba sa gwada gini kafin a shiga?"

"Suna yi mana. Ni na koya wa wasu ma."

Cinyar ta kwana, ta wayi gari da 'yar'uwarta. Kafin mako ya zagayo labari ya gama gari. Kowa ya zo da tunkiyarsa a kafaɗa da yabo a baki, Bogi kuwa in ka yabe shi ko rigarsa ka ce ya tuɓe zai tuɓe. Matar fasto ta ce ba ta taɓa ganin gini mai hikima irin wannan ba, aka ba ta gefen arewa. Direban motar madara ya kira shi Babban Injiniya, aka ba shi kusa da murhu. Bogi da kansa ya gicciya dogon itace a ƙarƙashin rufi don kaya su samu wuri. Marjun kaɗai ba ta sani ba, don ta ce ba za ta taka Hancin Dutse ba sai ranar da mai gida ta shiga.

Ranar ta zo. Rannva ta sauko daga jirgi da akwatuna da naɗaɗɗen ƙyallen zane mai tsawon kwale-kwale. Suka nufi gidan su uku, Bogi a gaba yana bayani da hannu bibbiyu. Tun daga nesa hancin Marjun ya fara motsi. Naman ya kai gaɓar nan da yake fara kamawa yana tashi a hanci, wadda mu muke cewa ƙamshi, baƙi kuma su riƙe ciki su nemi bayan dutse. Rannva ta daɗe a ƙasar waje, hancinta ya zama baƙo.

Ƙofa ta buɗe kanta. Rannva ta leƙa. Tumakin rabin gari suna reto a layi, iska na kaɗa su suna gaida juna.

"Kawu... mahauta ce?"

"Gwaji ne, 'yata. Taɓa nan ki ji. Kin ji yadda bayan ya yi ƙarfi? To haka zanenki zai yi."

"Bango fa? Ina iya ganin coci ta cikinsa."

"Kyauta ce wannan. Wasu sai sun fita waje."

Marjun ta ce a fitar da naman yanzu-yanzu. Sai ga masu nama sun ɓullo ta bayan tudu kamar dama a laɓe suke. Hanus ya cire hula.

"Haba Marjun, ke 'yar gari ce. Naman da ya fara kamawa ana motsa shi? Ki sauya masa iska yanzu, ya lalace, mu ci me ranar Kirsimeti?"

Wannan gaskiya ce da ko Marjun ba ta iya musawa, balle ga matar fasto tsaye tana share ido da gefen gyale. Rannva ta dubi gwaggonta, sai ta ce ba komai, za ta gwada, a bar naman har ta gama hoton zauren. In wurin ya zaunu, to. In bai zaunu ba, jirgi bai daina zuwa ba.

Marjun ta dubi Bogi. Bogi ya dubi rufi.

Ranar farko Rannva ta ɗaure ƙyallen a jikin katakonsa ta tsayar da shi. Ta juya ɗaukar burushi, ta juyo, ƙyallen ya cika da iska ya kama hanya. Ya ratsa tsakanin tumaki, ya fita ta ƙofa, ya gangara. Bogi ne ya kamo shi a bakin ruwa yana shirin tafiya ƙasar Aisland.

"Laifin tsayuwa ne," ya ce. "Wa ya ce dole zane ya tsaya? Kwantar da shi za a yi."

Ya kawo bencin kafinta biyu, irin na ɗora katako, ya kwantar da hoton a kai, a tsakiyar ɗaki, daidai ƙarƙashin tagar rufi, ya ɗaure shi da igiyar anga. Rannva ta koma zane a sunkuye cikin rigar sanyi biyu da safar hannu, cinyar matar fasto na dukan ƙeyarta.

Da ta yi ƙorafin sanyi, Bogi ya kawo buhun ulu ya cusa a tsakanin katakai ta gefen teku. Masu nama suka taso masa, wai ya toshe musu iska. Ba su ma gama faɗan ba iskar ta sasanta su, ta fizge ulun gaba ɗaya ta watsa a ɗaki. Ya sauka a kan ɗanyen fenti ya zauna. Tekun Rannva ya tsiro gashi.

"Kumfa ce," in ji Bogi. "Dubi yadda ta fito kamar ta gaske."

Ta kwana biyu tana tsince kumfa da hantsaki.

Sai maganar haske. Da safe yana sauka tas, gwanin kyau, har Rannva ta ce wannan kam Kawu ya yi abin kai. Amma da ta hura murhu, ɗumi ya hau ya taru a ƙarƙashin gilashin, sai ɗaki ya yi duhu ɗif. Ta ɗaga kai. Cikin Kyaftin ne shimfiɗe a kan tagar, ya samu wuri mai ɗumi a duk faɗin tsibirin, yana tuƙa hankali kwance. In ta kashe murhu ya tashi, yatsunta su ƙage. In ta hura ya dawo. Ta zunguri gilashin da sandar tsintsiya, ya gyara kwanciya.

"Labule ne," in ji Bogi. "A Kopanhagan sai an ja igiya."

Duk da haka yarinyar nan ta zana tekunta. Kore ne mai duhu, da kwale-kwale ɗaya can gefe yana hawan igiyar ruwa, in ka daɗe kana kallo sai ka ji ƙafarka na neman abin riƙewa. Abu ɗaya ya rage, fentin ya ƙi bushewa. Kullum Bogi ya zo ya dangwala yatsa a gefe, kullum ya koma gida da koren yatsa.

"Kawu," in ji Rannva ran nan, "wai shi naman, yaushe yake bushewa?"

"Ai mai kyau sai ya wuce Kirsimeti. Na gaske kuwa har bazara."

"Har bazara."

"E mana. Iskar teku ai da danshinta take tafe, a hankali take aiki, shi ya sa..." Ya tsaya. Ya sosa bayan kunne da fensir. "Amma fenti ai ba shi da ƙashi. Zai fi sauri."

Ranar buɗe zauren ta zo. An shirya gari duka zai hau Hancin Dutse a ɗauko hoton a kwance, a sauko da shi da waƙa. Kowa ya ci ado. Bogi ya sa kayan bikinsa, jar falmaran da baƙin wando iya gwiwa mai maɓallan azurfa, wanda ya yi aure da shi kuma tun tuni wandon yake roƙon a sallame shi. Elspa, shugabar majalisar gari, ta shiga gaba, jama'a suka duru a bayanta, kowa yana satar taɓa cinyarsa ya ji ko ta yi. Saboda manyan baƙi an cika murhu da wuta.

Ɗaki baƙi ƙirin.

"Ina hoton?" in ji Elspa. "Ni dai ina jin warinsa, amma ban gan shi ba."

"Wancan ba warin hoton ba ne, ranki ya daɗe," in ji Hanus.

"Minti ɗaya!" in ji Bogi. "Kowa ya tsaya inda yake. Za ku ga yadda ake buɗe haske."

Ya fita ya zagaya ta tudu ya tako rufi. Na ciki suna jin komai ta tsakanin katako.

"Kai, tashi. Tashi mana, ɗan banza, shugaba na jira. Kyaftin! Da kai nake."

Rago ko gezau.

"Hanus! Me ake ce wa ragon nan ya tashi?"

"Ni ban taɓa gwadawa ba!"

Aka ji gurnani, aka ji ja, aka ji wani abu ya yage wanda ba a jikin rago yake ba. Can sai haske ya faɗo ɗaki. Jama'a suka ce "Aaa!" don tekun Rannva ya bayyana a gabansu, har Elspa ta dafe ƙirji. Da Bogi ya sauko a lokacin, da yau wani labarin ake bayarwa.

Amma ya ji "Aaa" ɗin, kuma ya san da shi ake. Ya durƙusa a bakin tagar, ya zaro hankici yana goge sawun rago, ya kara fuskarsa a gilashi yana yi wa na ƙasa murmushi, bayansa a sama.

"Jama'a, wannan hasken da kuke gani ba da ka aka yi shi ba. Lokacin da nake Kopanhagan, a hawa na..."

Na ƙasa sun ga abin da bai gani ba. Ta gefen kafaɗarsa sun hango Kyaftin yana ja da baya, taku ɗaya-ɗaya, kai a sunkuye, kamar mai auna fili.

"Bogi!" in ji Marjun.

"Bari in gama, Marjun, kullum sai kin katse ni."

Ba ita ta katse shi ba. Ƙarar ta yi kamar an buga babban ganga. Bogi ya haye gilashin da ciki, gilashin da nauyinsa ke riƙe da shi ya ga nauyi ya ƙaru, ya sallama. Suka taho tare. A hanya Bogi ya rungumi cinyar matar fasto, cinyar ta riƙe itacen da ya gicciya, itacen ya ce shi ma ba da ƙusa aka kafa shi ba. Tumakin rabin gari suka zubo kamar ruwan sama. Direban motar madara ya samu haƙarƙari a wuya, Elspa ta tsinci kanta rungume da kafaɗar rago, gilashin ya yi gefe ya fita ta ƙofa iska ta tafi da shi. Bogi kuwa ya juya a sama, ya sauka daɓas a zaune a tsakiyar teku.

Haske na zuba ta ramin, fari tas, ba abin da ya tare shi. Kyaftin ya leƙo da kai ta gefe yana tuƙa.

"Yau ne na fara ganin hasken da na roƙa," in ji Rannva a hankali.

Bogi ya yunƙura zai tashi, teku ya riƙe shi. Sai da Hanus ya kama hannu ɗaya, fasto ya kama ɗaya, aka ja, ya ɓamɓaru da wata ƙara kamar an zare takalmi daga taɓo. Rabin igiyar ruwa ta biyo bayan wandonsa. A tsakiyar hoton kuwa ga wasu manyan da'irori biyu kusa da juna, sumul, har da sawun ɗinki a tsakani.

Hanus ya sunkuya ya duba da kyau. "Ranki ya daɗe, ƙasarmu ta ƙaru. Ga sababbin tsibirai biyu."

Dariyar da aka yi har a coci an ji ta, da yake bangon ba ya tare komai. Mutane suna riƙe da cinyoyinsu suna hawaye. Bogi ya buɗe baki zai ce dama haka aka tsara, sai ya ga fuskar Rannva, ya rufe.

Ba ta yi kuka ba. Ta tattara burusanta ta zuba a jaka. "Gwaggo, ki yi haƙuri. Na gwada. Jirgin gobe zan bi."

Dariya ta ɗauke. Marjun ta tsallake wata cinya, ta zo gaban mijinta, ta buɗe tafin hannu.

"Makulli."

"Wane makulli? Gidan nan ai ba ya..."

"Na gidana."

Ya laluba aljihun falmaran ya miƙa. Ta juya ta danƙa wa Rannva.

"Ba inda za ki. Babban falonmu tagarsa arewa take kallo, shekara da shekaru kawunki yana mitar rana ba ta shiga ta gasa masa ƙafa. Bangonsa a haɗe yake, rufinsa ba ya cin ciyawa. A fitar da kujerarsa da rediyonsa, ki shimfiɗa kayanki. Ɗakin sama naki ne."

Rannva ta juya makullin a hannu. "Arewa sosai, Gwaggo?"

"Arewa har ta yi yawa."

"To Kawu fa?"

"Kawunki ya gina gida."

"Marjun," in ji Bogi, "maganar nan ai ba mu tafa ba."

"Jama'a," in ji Hanus, "ai ko dama naman nan yana buƙatar mai gadi. Wa ya fi wanda ya san ginin?"

Aka amince baki ɗaya, har matar fasto ta fara tafi. Kafin rana ta faɗi an mayar da kowace cinya mazauninta, an hauro da kujera da rediyo da bargo, an toshe ramin rufi da tsohon tanti.

Rannva ba ta bi jirgi ba, Marjun kuma ta daina ɗaga labule. Hoton ya bushe a falo kusa da hitar ɗumama ɗaki, Rannva ta so ta shafe tsibiran, majalisa ta ce ko kusa. Sai ta ɗan sa musu ciyawa a kai da farar kumfa a gefe. Yana nan a zauren taro. In baƙo ya tambayi sunan tsibiran, yara ma sun san amsa.

Bogi ya yi hunturu a Hancin Dutse da hula biyu a ka. Marjun tana aiko masa da miya da zafinta, ranar Lahadi kuma a bar shi ya ci abinci a kicin in ya yi alkawarin ba zai ba da shawara ba. Wandon bikin ya rataye shi a layi tsakanin cinyar Hanus da ta direban motar madara, kowace safiya ya dangwala masa yatsa.

Ran nan da bazara, tsofaffi na zaune a bencin bakin gaɓa, sai suka hango mutum yana gangarowa daga tudu a guje, yana kaɗa wani abu a sama kamar tuta, rago na biye da shi. Ya iso yana haki, ya dangwara wandon a kan benci. Wandon ya tsaya da ƙafafunsa, ƙiƙam, koren teku a bayansa.

"Ku taɓa! Hanus, taɓa ka ji! Ya bushe ƙarau! Ban gaya muku ɗakin yana aiki ba?"